Sai Abu Ya Ɓaci Ake Kiransa

Nima, Akra
Maris 2020

Ƙanina Bawah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zaman Doha. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta son a manta da ita. Matarka Adjara ta zo jiya da yara, kowa ƙalau. Ana ta zancen wata cuta wai korona, har masu sayen shinkafa da wake a wurina sun fara tsayawa nesa suna miƙo kwano.

'Yata Sherifa ta ce in yi maka saƙon murya, na ce a'a. Kai ka faɗa mini ɗakinku cike yake da maza, ba zan baje zancen gidana a kunnensu ba. Zan rubuta da hannuna, ita ta ɗauki hoton takardar ta turo maka.

Na ji ɗanka ya sauka lafiya, ka kuma sama masa aikin gadi. Allah ya saka maka da alheri. Ka san ba zan iya zaunar da shi in yi masa magana ba. Ɗan fari ne a wurina, ko sunansa bakina bai saba da shi ba, don haka kai ne bakina. Tun yana saurayi mutanen Japan suka gan shi yana jifan ƙwallo a filin makaranta, suka ce yana da hannu, suka ɗauke mini shi wai besbol. Bayan duk shekarun nan me ya samo? Gwiwar hannu da aka yanka aka ɗinke, sannan suka ce masa ya kama gabansa.

Ka riƙe mini shi, Bawah. Ya yi aiki irin na mutane, ya manta da wasan jifa. Abin da nake so ke nan, ba na son wani abu bayan shi.

Yayarka,
Alimatu

Fereej Abdel Aziz, Doha
Mayu 2020

Yaya Alimatu,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, ya gwiwa? Ni da ɗanki Issifu lafiyarmu ƙalau. Gari kuwa an kulle shi tsaf. Masallatai a rufe, ladan na kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa, abin da ban taɓa zaton zan ji da kunnena ba. Bas ɗin da nake tuƙa ma'aikata da ita tana ajiye rabin mako.

Issifu na gadin wani babban kanti da ba mai shiga. Yaya, na ga masu gadi iri iri, amma ban taɓa ganin wanda ya iya zama kamar yaron nan ba. Ba ya latsa waya, ba ya gyangyaɗi, ba ya hira. Yana zaune ne kamar wanda za a kira sunansa yanzun nan.

Na tambaye shi ina ya koyo wannan, ya ce aikinsa ke nan a Japan. Ga yadda ya bayyana mini. A besbol mutum ɗaya ne ke jifa, abokin gaba kuma yana tsaye da sanda yana ƙoƙarin dukan ƙwallon. Akwai mai jifan da ake fara wasa da shi, shi ne ɗan gata, hotonsa ke jikin bango. Shi Issifu ba a farawa da shi. Ana ajiye irinsu a wani keji can bayan fili, da wayar tarho a rataye. Sai abu ya ɓaci a hannun mai jifan farko wayar ke yin ƙara. Wata rana ya tashi ya ɗumama hannu har ya yi gumi, a ce masa koma ka zauna. Wani lokaci mako ya wuce ba a neme shi ba.

Na ce, “Kai, wannan ai zaman banza ne da albashi.” Ya yi dariya ya ce, “Kawu, gwada ka gani.”

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kullum da la'asar yana hawa saman bene da tawul a hannu, ya ɗaga ƙafa, ya wurga hannu kamar mai jifa, alhali babu komai a gabansa. Yana yi yana magana ƙasa ƙasa shi kaɗai. Lado, wani Bakano da gadonsa ke kusa da nawa, ya ce ɗan naku yana faɗa da iska, kuma da alama iskar ce ke shan kashi.

Ki kwantar da hankalinki, yana cin abinci sosai.

Ƙaninki,
Bawah

Nima
Yuni 2020

Bawah,

Salamu alaikum. Barka da salla, muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don takardarka ta hana ni cin abinci.

Ka ce in kwantar da hankali? Mutum yana hawa saman bene yana dukan abin da ba a gani, yana magana shi kaɗai, kai kuma da abokinka kuna dariya? Na je wurin malamin unguwarmu na karanta masa. Ya ce zai yi addu'a, rubutu kuma sai jirage sun fara tashi a samu mai kawowa. Kafin nan kada ka bar shi ya hau benen nan shi kaɗai.

Sannan keji. Ɗan mutum a keji? Ashe haka suka yi da shi duk shekarun nan, nasu su yi wasa a gaban jama'a, shi a ɓoye shi a baya, sai sun ɓata abu su turo baƙo don laifin ya faɗa kansa. Bai taɓa faɗa ba. Duk ranar da Sherifa ta ce mini suna da wasa, koko da ƙosai nake rabawa sadaka, ina roƙon Allah kada matsala ta sami ƙungiyarsu daga farko har ƙarshe. Da na san irin zaman da yake yi, da tuni na ce ya dawo.

Ka amsa mini da wuri.

Alimatu

Fereej Abdel Aziz
Oktoba 2020

Yaya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da dogon shiruna. Na san Adjara ta faɗa miki cutar nan ta kama ni, an killace ni, na fito ko biro ba na iya riƙewa. Yanzu alhamdu lillahi, sai ɗan tari. Ya jikinki, ya kasuwa?

Da farko, ɗanki lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta fi tawa. Tawul ɗin likita ne ya ce ya yi amfani da shi, don hannun ya koma kan hanya ba tare da nauyin ƙwallo ba. Maganar da yake yi kuwa lissafin motsinsa ne. Kejin ma ba irin na kaji ba ne, wurin shiri ne, ni ne na iya ɓata bayani. Ki gai da malam, ki ce mun gode.

Zancen sadakarki kuwa ya kusa mayar da ni asibiti saboda dariya. Yaya, mutumin da ba a kiransa sai an shiga matsala, ke kuma kina nan kina raba ƙosai don kada a shiga matsala! Na faɗa wa Issifu, ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki. Da ya tashi sai ya goge ido ya ce, “Ashe Mma ta san ranakun wasana?” Na ce ta sani. Sai ya fita.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ranar Juma'a bayan asuba ya ce in raka shi wani fili da ba a gina ba a Old Airport, bayan wani kantin kayan masarufi. Mun tafi da Lado da wata tsohuwar katifa, muka jingina ta da bango, ya zana ɗan da'ira a jikinta da gawayi. Ya ba ni sandar tsintsiya ya ce in tsaya gefe kamar mai duka. Na gyara tsayuwa ina cika baki, ni da na yi tsaron raga a Nima lokacin ƙuruciya.

Ya taka can nesa ya juyo. Wallahi fuskarsa ta canza. Yaron da ke wanke mini kwano ya tafi, wani ne ke kallona. Ya ɗaga ƙafa, na ga hannu ya zo, daga nan ban ga komai ba. Iska ta taɓa gaban rigata, sai na ji katifa ta yi ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe, tattabarun kan bango suka watse. Lado ya ce, “La ilaha illallahu! Ina ƙwallon ya bi?”

Na biyu ya fi ba ni tsoro. Na ga ƙwallon kiri kiri yana nufo ƙirjina, na yar da sanda na zube ƙasa. Ashe da ya iso kusa sai ya karya ya gangara, ya faɗa tsakiyar da'irar. Na ce masa wannan tsafi ne. Ya nuna mini yatsunsa a kan ɗinkin ƙwallon ya ce, “Nan kawai ne, Kawu.”

Bai yi jifa da yawa ba ya ce khalas, wato shi ke nan, likita bai yarda ya wuce haka ba. Ya zauna a kan dutse yana kallon gwiwar hannunsa, ni kuma ina kallonsa. Na goya yaron nan a bayana, Yaya, amma ranar na san ban san shi ba. Allah ya ajiye wani abu a hannun nan, kuma ni tsoro ya ba ni.

Bawah

Nima
Janairu 2021

Bawah,

Salamu alaikum. Na gode Allah da ya tashe ka. Yaranka lafiya, ƙaramar ta fara tafiya.

Na daɗe ban amsa ba don ban so in rubuta da fushi. Na ba ka tsaro, ka koma mai riƙe masa sanda. Ban aika shi Doha ya kashe katifa ba. Kai namiji ne, ƙara kake ji ka yi murna. Ni hannun nake tunawa, wanda aka yanka a ƙasar da ba mai ba shi ruwa da sunan ɗan'uwa.

In motsa jiki ne, ya motsa. Amma kada ka sa masa wani tunani a rai.

Bayan ya gama jifan, hannun yana kumbura? Ba sai ka ce ni na tambaya ba.

Alimatu

Fereej Abdel Aziz
Nuwamba 2022

Yaya Alimatu,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya gwiwa, ya Sherifa da sabon aiki? Mu lafiya, sai dai barci ya yi mana ƙaura. Duniya duka ta sauka a Doha saboda gasar ƙwallon ƙafa. Kowane titi tuta da ganga, ko shayi sai ka yi layi.

Kusan shekara biyu ina rubuta miki zancen kowa da komai, ban sake taɓa zancen jifa ba, kamar yadda kika so. Amma bai daina ba. Kowace Juma'a muna filin nan, katifa ta uku muke kai. Yau dole in taɓa.

An kai Issifu gadi a filin wasa na Al Thumama, wanda aka gina kamar farar hular Larabawa. Ni ke kai masu gadin in ɗauko su. Ranar da Sifen ta yi wasa ina tsaye bakin ƙofa ina jira, jama'a na fitowa, sai na ga wani tsoho ɗan Japan da matarsa sun tsaya cak a gaban Issifu. Tsohon ya leƙa fuskarsa, ya kira sunansa da ƙarfi, ya cire hula ya sunkuya. Matar ma ta sunkuya. A gaban mai gadi da rigar leda mai ruwan ɗorawa, Yaya! Issifu ya sunkuya shi ma, suka kama yarensu, tsohon yana yi hawaye na zuba. Shugaban masu gadi ya taho da gudu yana ihun yalla yalla, wato a yi sauri, da ya ga abin da ke faruwa sai ya tsaya baki buɗe.

Ashe tsohon mai sayar da kifi ne a garin da Issifu ya yi wasa, kuma bai taɓa fashin kallo ba. Ya ce a garinsu in aka buɗe ƙofar bayan fili aka ga Issifu ya fito da gudu, masu shirin tafiya gida komawa suke yi su zauna. Ya tambayi lafiyar hannun Issifu. Ranar Juma'a sai ga shi a filinmu na Old Airport da sassafe, ya ɗauki jifan a wayarsa ya tura wa kocin ƙungiyar, wanda abokinsa ne. Shekaranjiya amsa ta zo. Suna so ya je gwaji a watan Janairu. Gwaji ne, ba alkawari ba, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba.

Ga ɗaya gefen. In an gama gasar nan za a sallami yawancin masu gadi, amma kamfani na so ya riƙe Issifu ya ba shi shugabancin wasu. Sun ce ya sa hannu washegarin wasan ƙarshe. In ya sa, Japan ta wuce. In bai sa ba, aikin ya wuce.

Na ce masa wanne ka zaɓa? Ya ce, “Kawu, na farko na tafi ban tsaya na ji ta bakinta sosai ba, yaro nake. Wannan karon sai abin da Mma ta ce.” Na ce to ka kira ta mana. Ya kalle ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba riga. Ku biyun nan kun gajiyar da ni, amma ga shi na isar.

Ƙaninki,
Bawah

Nima
Disamba 2022

Bawah,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Nima ta yi tsit tun da aka fitar da Ghana, ko masu gardama a bakin tebur ɗina sun yi sanyi.

Na karanta takardarka har sau biyu. Ka ce tsohon ya yi kuka. Dole ya yi kuka, ya ga yadda mutanensa suka mayar da yaro bayan sun gama da shi. Kukan kunya ne, kai kuma ka ɗauka girmamawa ce.

Lokacin da aka yanka hannun nan, sai bayan an gama na ji, a bakin Sherifa, ina tsakiyar zuba wa mutane abinci. Na ajiye ludayi na shiga ɗaki. Ba wanda ya san abin da na yi a ɗakin nan, kuma ba zan sake yin irinsa ba in ina da iko. Yanzu ya haura talatin. Allah ya ba shi aiki a kusa da kai, inda in ya yi zazzaɓi akwai mai taɓa goshinsa. In bar shi ya saki wannan ya koma ya zauna jiran waya, wataƙila ma su ce ba su so?

Tun da ni ya bar wa magana, amsata a'a ce. Ka faɗa masa a hankali.

Alimatu

Fereej Abdel Aziz
Disamba 2022

Yaya,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Na faɗa masa.

Yana cin abinci lokacin. Ya ajiye cokali ya ce, “To.”  Da ya gama ya ɗauko safar hannunsa ta fata da ake cafe ƙwallo da ita, ya shafa mata mai kamar yadda ya saba, ya naɗe ta a riga ya sa a ƙasan akwati. Ranar Juma'a Lado ya tashe shi zuwa fili, ya ce yau hutu. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Ranar da Maroko ta ci Fotugal a Al Thumama, wani abokin aiki ya shigar da ni na tsaya a lungu. Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba, ƙasa rawa take a ƙarƙashin ƙafata. Manya da gemu suna kuka suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Issifu yana bakin fili, bayansa ga wasa, fuskarsa ga jama'a, haka aikin yake. Aka ci ƙwallo, filin ya kusa tsagewa, yaron nan ko wuyansa bai juya ba.

A bas na ce masa kai wane irin mutum ne, duniya na kallon abu a bayanka ba ka waiga ba? Ya ce, “Na ga abin da nake son gani, Kawu. Masu zaman benci suna kusa da ni. Akwai wani da aka tayar ya yi ta gudu yana ɗumama jiki, har aka tashi ba a sa shi ba. Na ga yadda ya koma ya zauna. Ya iya.” Daga nan ya jingina kai da gilashi.

Kin yi kuskure a kan kukan tsohon, amma ba zan yi gardama da ke ba, ban taɓa cin ki a gardama ba tun muna yara. Kafin ya koma ƙasarsu ya bar mini wani bidiyo na wasan da aka yi shekarar da ta gabaci ciwon. Na tura a wayar Sherifa. In kin ga mutane uku tsaye a kusurwoyin fili, abokan gaba ne da mai jifan farko ya bari suka shiga. In suka ƙarasa zagaye suka koma gida, an ci ƙungiyar, kuma sunan mai jifan farko za a rubuta.

Ba roƙonki nake ba. Kin yanke, ya bi. Ina so ne ki ga abin da kika haifa ko sau ɗaya, don bai kamata mai kifi ya fi ki saninsa ba.

Bawah

Fereej Abdel Aziz
Juma'a, kafin wasan ƙarshe

Yaya,

Salamu alaikum. Lafiya dai? Sherifa ta ce saƙona ya iso, ta ce ba ki ce komai ba. In maganar mai kifi ce ta ɓata miki rai, ki yafe mini, bakina ya fi ni sauri.

Jibi ne wasan ƙarshe. Ranar Litinin da safe zai je ofis ya sa hannu, har ya goge rigar da zai sa. Ba sai kin amsa ba. Na faɗa miki ne don ki sani.

Bawah

Nima
Lahadi

Ƙanina Bawah,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ba fushi nake ba. Maganar mai kifi ta yi mini zafi, amma ba ita ta rufe mini baki ba. Tsoron buɗe abin nan nake yi. Kullum Sherifa ta miƙo waya in ce ina da aiki. Jiya da la'asar bayan na wanke tukwane na ce ta kunna ta ba ni wuri.

Ban gane wasan ba, kuma har yanzu ban gane shi ba. Wani yaro na gani a tsakiyar fili, ɗan Japan, siriri, bai kai Sherifa shekaru ba. Duk jifan da ya yi sai a doke, jama'a su yi gunaguni. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya goge hannu a wando. Na ga mutane ukun da ka faɗa. Sai wani dattijo ya tako a hankali har inda yake, ya miƙa hannu, yaron ya ba shi ƙwallon a gaban duk mutanen nan. Ya tafi kansa a ƙasa, ya zauna a ƙarshen benci ya rufe fuska da tawul.

Bawah, na manta da abin da na zo kallo. Cewa na yi a raina, wannan yana da uwa, kuma wataƙila tana cikin mutanen nan tana ji ana gunaguni a kan ɗanta.

Sai aka buɗe wata ƙofa can nesa, ɗanka ya fito da gudu. Filin duka ya miƙe tsaye. Na san gudun, na babansa ne, Allah ya jiƙansa. Ya karɓi ƙwallon, ya share ƙasa da ƙafa, na ga leɓensa ya motsa, na san abin da ya karanta don ni na koya masa. Ɓarnar ba tasa ba ce, amma ya tsaya a kanta ko waiwayen wanda ya yi ta bai yi ba.

Na farko ya kai duka ya sami iska. Na biyu ma haka. Na uku ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ƙwallon ya wuce shi, ya juya ya tafi. Mutane ukun nan ba wanda ya motsa daga inda yake. Ban san lokacin da na tashi tsaye ba, sai da gwiwata ta tuna mini.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. An sake nuna yaron nan na benci. Ya cire tawul. Da ɗanka ya iso, yaron ya tare shi a bakin matakala, ya cire hula ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na rawa. Ɗanka ya dafa bayansa ya ce masa wani abu, ya wuce ya ɗauki ruwa ya sha kamar wanda ya dawo daga aike.

Duk takardun da ka cika mini, ba ka taɓa ce mini asirin ɗan wata yake rufawa ba. Da ka faɗi haka tun farko da mun huta.

Tsoro bai bar ni ba, kada ka zaci ya bar ni. Suna iya cewa ba su so, hannun yana iya sake tsagewa, aikin da ya bari kuma ba zai jira shi ba. Na san duk wannan. Amma ba zan zaunar da mutum irin wannan a bakin ƙofa don hankalina ya kwanta ba. Ka ce masa na yarda, ya tafi da albarkata. Sharaɗina ɗaya ne, in wani abu ya sami hannun, in ji kafin a taɓa shi, ba bayan an gama ba.

Ka same shi yau, kada ka bari sai gobe, na san ka da cewa anjima.

Sherifa takan tafi aiki da wayarta. Ka tura bidiyon a ta Adjara, ita tana gida da rana. In ya tambaye ka ko na kalla, ka ce ba ka sani ba.

Yayarka,
Alimatu